Garayar Nafisa a Kafaɗun Omdurman

Hartum ɗin da na fara sani, a shekarun saba'in, gari ne da kiɗa ke tarbar baƙo tun bai ajiye jakarsa ba. A lokacin da sauran ƙuruciyata, ina yi wa wani attajirin Damagaram mai fataucin fata tafinta. Da la'asar sakaliya lambunan bakin Nilu kan cika, makaɗa su jera kujeru, ma'aikata mata cikin fararen lulluɓi su tsaya su ɗan saurara kafin su wuce gida. Na zauna a Alƙahira, na zauna a Abijan, na sha sanyin Marsel, amma ban ga garin da talaka da babban ma'aikaci ke zama benci guda suna ɗaga wa mawaƙi yatsu don jinjina kamar Hartum ba.

Da na koma a farkon shekarun casa'in, bayan soja sun karɓi mulki, sai na ɗauka wani gari daban jirgi ya sauke ni. Layin burodi, layin mai, shinge a bakin kowace gada. Mutanen da na sani da gardamar siyasa da babbar murya a bakin titi sun koma magana ƙasa-ƙasa suna waige. Biki sai da izini, kuma ko da izinin, masu sintiri kan iya faɗowa su tattake kayan kiɗa a gaban amarya.

Wani mai fataucin ƙaro ne ya kira ni aiki, yana neman wanda ya iya Larabci da Faransanci da Turanci. A filin jirgi wani mutum mai farar jallabiya da ƙaton rawani ya tare ni da sunana, ya rungume ni kamar ɗan uwa. Ya ce maigida ya yi tafiya, shi aka wakilta. Ya raka ni har ƙofar ofishin da baƙi ke rajista, ya ce, "Shiga, ya Hajj, akwatinka na hannuna." Da na fito babu shi babu akwatin. Na nemi shagon mai ƙaron da tambaya, na tarar an garƙame shi an danna jan kaki a kwaɗon. Maƙwabta suka ce mutumin ya tsallake iyaka tun kafin in taso daga gida. An cuce ni a Ikko, an cuce ni a tashar jirgin ruwan Marsel, amma ba a taɓa cuta ta da runguma da addu'a irin ta wannan mai rawani ba.

Na zauna ƙarƙashin wata darbejiya kusa da wata mata mai shayi, daga ni sai rigar jikina da fasfo. Ban san na yi magana a fili ba, ashe na ce, "Yau na shiga uku." Sai na ji matar ta ce da Hausa, "Baƙo, uku ta yi yawa. Sha shayi tukuna." Ta miƙo mini kofi da ƙosai irin nasu, ta ƙi sauraron komai game da biya. Ita ta sa ni a motar unguwar Alhilla Kuku, ta ce in nemi masallacin Hausawa.

A barandar masallacin nan na yi makonni tare da ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar. Hausar mutanen unguwar ta ba ni mamaki: tsohuwar Hausa ce ta kakanni, kalmomin da na daina ji tun rasuwar kakata, sai kuma a tsakiyar zance a ɓalle da Larabci. Kisira, wato siririyar wainarsu mai tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa sun riƙe ni, amma kowace loma tuwon gidanmu take tuna mini. Akwai safiyar da na ji ana daka a wani gida, na tsaya a bakin katanga kamar mara aikin yi har aka gama.

A nan na haɗu da Abbakar, mai gyaran rediyo a Kasuwar Libiya, wanda kan zo gaida dangi ranar Juma'a. Iyayensa tsinkar auduga suka yi a gonakin Jazira har suka tsufa. Da ya ji labarina ya ce, "Haram, Baba Alhaji, mutum kamarka a baranda? Tashi mu tafi Omdurman." Ya ba ni ɗaki a gidansu, can cikin lungunan da mota ba ta shiga, na riƙa zama a shagonsa ina yi wa baƙin 'yan kasuwa tafinta.

Yayarsa Nafisa ce ke riƙe da gidan. Mace ce mai ƙarancin magana. Ranar da ta miƙo mini ruwa na lura bakin yatsunta sun yi kanta, ban da ƙananan yatsun biyu. Na ce, "'Yata, kaskon kisira ne ya cinye miki hannu haka?"

Abbakar ya fashe da dariya. "Kisira? Wannan in ta yi kisira ko akuya ba ta ci. Gobe ki kai shi ya gani, ya Nafisa."

Washegari da hantsi muka haye gada zuwa Hartum, wani tsohon kulob na baƙi da aka rufe. Maigadin ya san ta, ya buɗe mana ƙofar baya. A kusurwar zauren ta yaye wani mayafi, sai ga babbar garayar nan ta Turawa da suke kira harp. Ta fi ni tsawo, ginshiƙinta da ruwan zinariya, tsirkiyoyi sama da arba'in, wasu ja wasu baƙi don mai kaɗawa ya gane hanya, ga feda bakwai a gindinta. Wata malama Baturiya ce ta koya mata a makarantar kiɗa, da za ta bar ƙasar ta bar mata ita. Nafisa ta ce a iya saninta babu wata a garin.

Na san wannan abu. Na gan shi a otal a Marsel da Alƙahira, wata mata cikin doguwar riga tana zubo sauti kamar ruwa, mutane na cin nama ba mai kallonta. Shi na zauna ina jira.

Ta jingina garayar a kafaɗarta ta dama, ta tattaka fedojin, sannan ta ɗauko siririyar takarda ta saƙa ta tsakanin tsirkiyoyin ƙasa. Bugun farko da ta yi sai da na zabura. Ba ruwa ba ne, zuza ce irin ta gurmi. Ta ƙwanƙwasa katakon da ƙashin yatsa, ta ja mabuɗin ɗauri a jikin tsirkiya guda har ta yi kuka kamar mace daga nesa, ta tsinci na sama da farce, ta danne su duka da tafin hannu, ɗakin ya yi tsit, ta sake farawa. Na ce a raina yarinyar nan lalata kayan mutane take yi. Can cikin ƙwanƙwasar sai na ji wani abu da na sani. Amshin waƙar mata ne a gona, irin wanda ake yi a ƙauyukanmu lokacin kaka. Da ta tsaya na tambaye ta.

"Wa ya tsara wannan?"

"Ni. Waƙar Inna ce ta tsinkar auduga. Na farfasa ta na sake ɗinkewa."

"Malamarki ta yarda da wannan duka da kike yi wa abinta?"

"Ita ta ce in daina kwaikwayon matattun ƙasarsu, in yi nawa."

Kiɗa biyar ta tsara, duka don garaya ita kaɗai, ba mawaƙi ba ganga. Ba a taɓa ɗaukar ko ɗaya a faifai ba, domin gidan rediyo ya daina neman irin wannan. A hannunta suke, kuma ba sa kaɗuwa a kan komai sai wannan garayar.

Da za mu fita maigadin ya ja mu gefe. Ya ce an ba masu sintiri ginin, kafin ƙarshen mako za su tare. "In suka same ta, malama, itacen dafa shayi za su yi da ita."

Abbakar ya samo mai a-kori-kura da abokansa biyu na kasuwa. Muka naɗe garayar da barguna, muka rufe da fararen zannuwan gado, muka ɗaure da igiya don kada zinariyar ta leƙo. A gada Allah ya rufa asiri, sojan da ke wurin yana fama da wata motar gawayi ya ɗaga mana hannu. Amma da muka shiga Omdurman, direban ya hango wani shingen a gaba, na masu sintiri. Ya taka birki a bakin wani lungu.

"Nan zan tsaya. Ina da 'ya'ya."

"Ya zol, bawan Allah, saura kaɗan!" in ji Abbakar.

"Kaɗan ɗin ku ƙarasa da ƙafa. Malesh, ku yi haƙuri."

Muka sauke ta a ƙasa, ya juya. Nafisa ta ce ba a ɗaukar ta a tsaye a hanya mai gargada, fedojin za su karye, sai a kwance. Abbakar ya shiga gidan wani da ya sani ya aro angareb, gadon nan nasu na katako da igiya da ba gidan da babu shi. Aka shimfiɗa tabarma don kada igiya ta goge katakon, muka kwantar da ita, mu huɗu muka saɓa a kafaɗa. Dabarar ta yi mana kyau ƙwarai. Ba wanda ya tuna, har su 'yan garin, cewa a Sudan a kan wannan gado da wannan tabarma ake kai mamaci.

Ba mu yi nisa ba wani tela ya fito daga shagonsa yana gyara hula. Ya ce, "La'ilaha illallah," ya dafa ni a hankali, ya zame kafaɗarsa a madadin tawa. Na buɗe baki, sai ga wani ya karɓi Abbakar. A ƙasarmu ma ana karɓar makara don neman lada, na kuma ga ana yi a Alƙahira, amma ban ga inda ake rububinta kamar Omdurman ba. Mai shago ya bar shago a buɗe, mai keke ya jingine keke, masu shan gahawa suka ajiye kofuna. Ba wanda ya tambayi wane ne. Kafin mu kai ƙarshen lungun babu ko ɗaya daga cikinmu da ke riƙe da gadon.

Nafisa ta biyo da gudu tana cewa, "A hankali! Don Allah a hankali!" Hawaye ya zubo mata, shi ya ƙarasa tabbatar wa kowa. Wasu mata suka fito suka rungume ta.

"Haƙuri, ya bitti, 'yata. Mijinki ne?"

"Ku sake ni!"

"Mata ba sa bin gawa, kin sani. Zo ki zauna."

Suka ja ta cikin wani gida, na ji sun ɗauki kuka suna taya ta. Abokan Abbakar biyu kuwa, da suka ga yadda abin ya koma, suka sulale.

Lungun ya fito da mu daidai shingen da muke gudu. Masu sintirin suka miƙe tsaye suka janye ƙarfen da kansu. Wani saurayi a cikinsu, gemunsa bai gama fitowa ba, ya miƙa wa ɗan uwansa bindiga ya shigo ya sa kafaɗa. Abbakar ya damƙi hannuna.

"Baba Alhaji, mu ce me?"

In mun yi magana a nan, garaya ta tafi, mu ma mun tafi. Na ce masa mu bari a wuce shingen, a mararraba sai mu karkata da su hagu, hanyar gida.

A mararraba jama'a suka yi dama. Kafaɗun Omdurman sun san hanyar maƙabarta ba sai an nuna musu ba. Abbakar ya sha gabansu yana cewa, "Gida tukuna, ya jama'a, gida!" Wani dattijo ya riƙe shi ya ce, "Ka yi tawakkali, ɗana. An riga an yi masa sutura, me zai koma yi a gida?" Na ji wani a bayana yana cewa, "Ƙato ne, amma ji yadda ba nauyi." Na kusa da shi ya amsa, "Haka gawar salihai take. Sauri take yi ta isa."

A bakin maƙabarta aka sauke gadon ta fuskar alƙibla. Masu haƙa suna mita ba a aiko musu da wuri ba, wasu samari har sun karɓi diga sun fara. Aka yi sahu. Limamin unguwar, tsoho siriri mai tabarau, ya tsaya gaban gadon, ya juyo ya tambayi abin da kowane liman ke tambaya kafin ya tada kabbara.

"Ina masu gawa? Namiji ne ko mace?"

Aka turo mu gaba. Abbakar ya sunkuyar da kai. Saurayin mai sintiri yana sahun farko, ya harɗe hannu a ƙirji. Na duba sahun nan, mutanen da suka bar sana'arsu saboda mamacin da ba su sani ba. Ɗaukar da suka yi kuskure ne, amma salla ba za ta zama kuskure ba, don mu mun sani. Na tattaro Larabcin da ya fi kowane tsabta a bakina na ce, "Ya Maulana, ba mutum ba ne."

"Na'am?"

"Ba gawa ba ce. Kayan kiɗa ne."

Na durƙusa na kwance igiyar, na yaye zannuwan da bargunan. Rana ta haska zinariyar. Iskar da ke tasowa daga kogi ta ratsa tsirkiyoyin, sai garayar ta yi wani dogon nishi ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Sahun farko ya ja da baya har wasu suka faɗa kan na bayansu. Dattijon da ya ba Abbakar haƙuri, wanda ya yi ta share hawaye tun daga mararraba, ya ce da ƙarfi, "To ni wa na yi wa kuka?"

Ba wanda ya yi dariya. Hayaniya ta tashi. "Sun yi wasa da kalmar shahada!" "Baƙo ne, ji harshensa!" Wani ya finciki wuyan rigata. Saurayin nan kuwa fuskarsa ta canza gaba ɗaya. Ya dubi kafaɗarsa kamar an shafa mata ƙazanta. Ya zaro wuƙa daga ɗamararsa, ya taka gadon, ya fara daga sama.

Na ga an rushe gidaje a Abijan, na ga an ƙone kasuwa, amma ƙarar tsirkiyoyin nan ita ta fi zauna mini a kunne. Kowace da muryarta take tsinkewa, ƙananan da tsiwa, na tsakiya kamar bulala. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso na ƙarfen da ke ƙasa, wuƙar ta ƙi ci. Sai ya karɓi diga daga hannun mai haƙa ya ɗaga.

"Ajiye," in ji liman.

"Ya Maulana, sun yaudare mu!"

Liman ya cire tabarau ya dubi jama'a. "Wa suka ce wa gawa ce? Kai, sun faɗa maka? Kai fa? Wa a cikinku ya tambaya?" Ya nuna ni da hannu. "Da aka zo salla mutumin nan ya faɗi gaskiya, alhali ya san abin da zai biyo baya. Ba a fasa komai a kan kaburburan iyayenmu. Ku kuka kawo ta nan, ku mayar da ita inda za ta."

Saurayin ya jefar da digar, ya tofar da yawu, ya fice. Ban san abin da ya hana shi kama mu ba. Wataƙila bai so a ji a ofishinsu cewa shi ma ya ɗauka.

Mutum kamar goma suka rage, har da telan da ya fara karɓa ta. Suka saɓa gadon, a buɗe wannan karon, guntayen tsirkiyoyi na reto ta gefe. Ba zikiri, ba magana. A hanya telan ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Ya Hajj, da daɗi kuwa in ana kaɗa ta?" Na ce masa ban san ko daɗi ne sunansa ba, amma ban taɓa jin irinsa ba.

Nafisa na tsaye a ƙofar gida, matan da suka taya ta kuka suna bayanta, sun riga sun ji labari. Ta dubi garayar tun daga sama har ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ta riga ta gama shi a gidan mutane. Ta shafa ginshiƙin, ta ja ɗaya daga na ƙarfen da suka tsira, ta saurara har sautin ya mutu. Sannan ta ce da masu ɗauka, "Itfaddalu, ku shigo ku sha ruwa. Kun sha rana."

Mun nemi tsirkiya. Abbakar ya tambayi duk mai shigo da kaya a Kasuwar Libiya, ba wanda ya san ma me ake nufi. Ta gwada zaren masunta na bakin kogi, ya yi ta saki, wanda ya ɗauru kuma sautinsa kamar na roba. Da na sami hanyar komawa gida na yi alkawarin aiko mata daga waje, na kuwa aiko ta hannun wani ɗalibi. Kafin su isa, zafin ɗakin kwano ya tsaga katakon daga sama har ƙasa, ba ya iya ɗaukar ɗauri. Kantar yatsunta ta baje. Labarin ƙarshe da na samu, tana haɗa turaren mata tana sayarwa a cikin gida.

Na sake jin garaya bayan haka, a Alƙahira da wani zaure a Faransa, har da sababbin kiɗan da ake ƙwanƙwasa katako ana saƙa takarda. Sun iya, amma ba waƙar auduga a ciki. Kiɗa biyar Nafisa ta tsara, ɗaya na ji, sau ɗaya. Tun daga ranar maƙabartar nan ba a sake kaɗa ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba za a sake ba.